Ranar da Emilia Ta Kai Agidi Ɗakin Sikanin

Ƙanwata Emilia tun tana ƙarama ba ta yarda da magana don kawai babba ne ya faɗa. A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife ta, layin da ke bayan loko, garejin jiragen ƙasa, inda babanmu Gilbert ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin fita, wato masu gyaran kan jirgi. Mu biyar ne a gidan, ita ce ta huɗu, ita kaɗai ce kuma ta wuce firamare. Tana aji uku malami ya zane ta don ta ce rularsa ta gutsure a baki, saboda haka layin da ya auna a allo bai cika ba. Ta sha bulala shida, ta share hawaye, ta ce, "Amma dai har yanzu a gutsure take."

Ta gama sakandare a tamanin da bakwai, shekarar da gari ya rikice, kowa yana ta kansa. Maganar ci gaba da karatu ta mutu a nan. Wani dattijon majami'armu ya sama mata aiki a wani asibitin mishan da ke wajen gari, a ɗakin duhu inda ake wanke hoton ƙashi. Shekara shida ta yi a ɗakin nan. Ba taga, ba iska, sai jan fitila ƙarama da warin maganin wanke fim. In ta dawo gida ta sa hannu a kwanon tuwo, sai autanmu ya janye, wai hannunta yana wari kamar batir.

A casa'in da uku aka kawo wa asibitin injin sikanin, kyauta daga wata majami'a ta ƙasar waje. Inji ne mai fuska kamar talabijin, da wani abu kamar kan tocila da ake ɗorawa a jikin mutum, sai ka ga cikinsa a fuskar. Baturiyar da ta rako injin ta yi sati uku tana koyarwa. Mutum biyar aka tura mata, Emilia ba ta ciki. Shara ta kai ta ɗakin, ta tsaya a bayansu da tsintsiya tana kallo. Rana ta huɗu baturiyar ta tambayi wani abu, duk suka yi shiru, Emilia ta ba da amsa daga baya. Kafin matar ta tafi ta gaya wa Metiron Hellen, shugabar nas-nas, cewa a ba yarinyar nan kujerar. Haka Emilia ta fito daga duhu.

Shekara biyu tana duba mata masu ciki lafiya lau, sai aka kawo sabon likita, Dokta Wilfred. Ɗan ƙasarmu ne, yaro mai ƙoƙari, ba a raba shi da taye ko ranar Asabar. Ya zo da wani bincike a kansa. Akwai babbar jijiyar jini a gefen wuya, wadda in ka taɓa za ka ji tana bugawa. Duk bugun zuciya sai ta ɗan buɗe ta koma, kamar roba. Ta mai lafiya tana buɗewa sosai, ta wanda hawan jini ya daɗe yana ci kuwa ta yi tauri, da kyar take motsi. Dokta yana so ya auna yawan buɗewar nan a wuyan masu hawan jini na yankinmu, ya rubuta takarda ya kai taron likitoci a Jos. A injin ake tsayar da hoto, a auna faɗin jijiyar lokacin da ta buɗe, a auna lokacin da ta koma, a cire wannan daga wancan. Abin bai kai kaurin farce ba, amma a kansa komai ya tsaya.

Suka raba aikin. Litinin da Laraba shi, Talata da Alhamis ita. Mutane suka yi ta zuwa daga Gidan Waya, daga Gwantu, har da malaman kwaleji da matan kasuwa. Da suka kai mutum ɗari da arba'in, Dokta ya jera lambobin, sai ya ga abin da ya ɓata masa rai. Duk wanda shi ya auna, jijiyarsa tana buɗewa kamar ta matashi. Duk wanda Emilia ta auna, tasa ta yi tauri.

Ya kira ta ofis. "Emilia, lambobinki suna ɓata mini aiki."

"Saa, abin da na gani na rubuta."

"Abin da kika gani. Da wane ido? Ke ina kika yi karatun wannan?"

"A ɗakin nan, Saa. Wurin da ka same ni."

Bai ji daɗin amsar ba. Ya ce hannunta ba ƙarfi, hotonta dishi-dishi, tana auna inuwa ne kawai. Ya ce ta zauna ta sake duba lambobinta ta gyara su su yi kusa da nasa. Ta ce ba za ta gyara lambar da ba ta gani ba. Washegari ya rubuta wa Metiron takarda cewa yarinyar ba ta iya aikin ba, ƙarshen wata a mayar da ita ɗakin duhu, a nemo mai satifiket. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare.

Ranar da ta dawo gida ba ta yi kuka ba, amma ba ta ci abinci ba. Mama ta ce, "Ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Likita ne. Ke wace ce?"

"Haƙurin me, Mama? Me na yi?"

"Ki ba shi dai. Ana ba da haƙuri ko ba a yi komai ba."

Baba yana kan kujerarsa a ƙofa, ya yi ritaya shekara biyu ke nan, idonsa ɗaya ya fara hazo. Shi ma da fari bayan Mama ya bi. Ya ce shi ya ga fita da yawa da suka yi gardama da injiniya, ba wanda ya ƙare da kyau. Sai can ya tambaye ta yadda ake awon. Ta ɗauki kofi ta ɗora masa a wuya ta nuna masa. Ta ce man da ake shafawa kafin a ɗora kan injin ya ƙare tun bara, man gyaɗa suke sawa, kuma da man gyaɗa hoton ba ya fita tas. Ita takan haƙura ta yi ta juya hannu a hankali har ta samu. Dokta kuwa ba ya da lokaci, dannawa yake yi, hoto ya fito nan take. Har wata tsohuwa daga Gwantu ta taɓa fitowa tana shafa wuya tana cewa, "Ɗan nan duba ni yake ko shaƙe ni yake?"

Baba ya gyara zama. "Dannawa yake yi?"

"Sosai."

"Kawo mini akwatina."

Akwatin katako ne ƙarami, tun muna yara an hana mu taɓa shi. A ciki akwai gejinsa na aiki, wanda ake murza masa gindi ya kama abu a baki ya faɗi kaurinsa har abin da ido ba ya gani. Kusa da shi akwai wani guntun ƙarfe mai sheƙi a naɗe cikin tsumma mai mai. Baba ya ce a loko, duk safiya kafin fita ya auna komai a jikin jirgi, sai ya fara auna guntun ƙarfen nan, don shi an san kaurinsa tun daga inda aka ƙera shi. In geji ya faɗi daidai, a fara aiki. In bai faɗi daidai ba, ko gejin ne ya lalace ko hannun mai riƙewa. Ya ce sabon yaro kullum laifinsa ɗaya, murza geji da ƙarfi don ya ji ya kama, sai ya matse abin da yake aunawa ya samu ƙarya.

"To ku a asibiti, ina naku guntun ƙarfen?"

Emilia ta ce ba su da shi.

"Mutum ɗari da arba'in, ba ku gwada injin a kan abin da kuka san girmansa ba? Ko sau ɗaya?" Baba ya girgiza kai. "Da a loko ne da an kori dukanku, har mai tayen."

Daga nan ta san abin da za ta yi. Tana bukatar jijiyar ƙarya, wadda za a iya aunawa da geji a fili kuma a auna ta da inji. Jijiyar ba ta ba ta wahala ba. Akwai siririyar robar nan mai rami da nas ke ɗaure hannu da ita in za a ɗebi jini, kaurinta kusan na jijiyar wuya. Ta ɗaure bakinta ɗaya, ta haɗa ɗayan da kwalbar ƙarin ruwa. In kwalbar tana ƙasa robar ta kwanta, in aka ɗaga kwalbar sama ruwa ya danno, robar ta ɗan kumbura. Abin da ya rage shi ne naman wuya. Injin ba ya gani a iska, sai an binne robar cikin abu mai taushi kamar tsoka.

Ta gwada tuwon masara, injin ya nuna baƙi ƙirin. Ta gwada tsokar naman shanu, robar ta ƙi zama wuri ɗaya, ga ƙuda. Kwana huɗu suka tafi a haka. Rana ta biyar tana wucewa ta gaban gidan Mama Agatha, maƙwabciyarmu Inyamura, matar wani tsohon direban jirgi, wadda ke yin agidi tana kaiwa tasha. Ta ga tana juye agidi daga ganye, fari, yana rawa kamar kitse, bai fashe ba. Emilia ta tsaya ta danna shi da yatsa.

"Kai, yarinya! Ka saya ne da kake taɓa?" Mama Agatha shekararta arba'in a Kafanchan, amma har yau kowa "kai" ne a wurinta.

"Mama, ina so ki yi mini babba, cike da kwanon burodi, da roba a tsakiya."

"Roba a cikin agidi na? Wa za ya ci?"

"Inji."

Mama Agatha ta kira mijinta ya zo ya ji, wai karatu ya taɓa 'yar Gilbert. Amma ta yi. Na farko da Emilia ta kai asibiti lokacin hutun rana ta ɗora masa inji, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige, ba a ganin robar. Iska ce ta shiga lokacin tuƙawa. Ta dawo ta faɗa. Mama Agatha ta ji haushi kamar an zagi mahaifiyarta. Ta ce ba a taɓa mayar mata da agidi ba tun da ta zo garin nan. Ta tace gasarar sau uku da sabon ƙyalle, ta tuƙa a ƙaramar wuta a hankali ba ta ɗaga muciya, ta zuba ta gefen kwano, ta bubbuga gindinsa a ƙasa har kumfa ta gama tasowa. Na biyun nan da aka ɗora masa inji, sai ga roba ta fito, layi biyu farare da baƙi a tsakiya. Emilia ta ce in ba an gaya maka ba, za ka rantse wuyan mutum ne.

Saura kwana uku ta shiga ofishin Metiron Hellen. Metiron mace ce doguwa mai tabarau a kan hanci, ba a ganin haƙorinta sai a majami'a.

"Ma, ina roƙon awa ɗaya. Ni da Dokta, a gabanki."

"Emilia, takarda ta riga ta shiga fayil."

"Ban ce a cire ba, Ma. In na faɗi, da ƙafata zan koma ɗakin duhu, ba sai ƙarshen wata ba."

"In kuma shi ya faɗi fa? Kin san abin da kike nema kuwa?"

"Na sani, Ma."

Metiron ta dube ta ta saman tabarau ta daɗe, sannan ta ce ranar Alhamis ƙarfe goma.

Alhamis Baba ya sa kakinsa na reluwe da ya daɗe a akwati, ya rungumi gejinsa. Mama Agatha ta ce ƙafarta ƙafar agidinta, ta ɗauro ɗankwalin zuwa coci ta ɗauko kwano biyu a tire. Da Dokta Wilfred ya shigo ɗakin sikanin ya ga tsoho da kaki, da mai agidi, da kwanon burodi a kan gadon marasa lafiya, sai ya juya wurin Metiron.

"Metiron, wannan asibiti ne ko tasha?"

"Awa ɗaya ce, Dokta. Zauna."

Emilia ta yi bayani a taƙaice. Robar ta ratsa agidin ta fito ta gefe. Baba zai auna wurin da ya fito da geji, kwalba tana ƙasa, sannan kwalba tana sama, ya rubuta bambancin a takarda ya ba Metiron ba tare da kowa ya gani ba. Sai ita da Dokta kowa ya auna da inji sau uku.

Dokta ya yi dariya. "Baba, wannan ba ƙafar jirgi ba ce."

"Na sani, ɗana. Ƙafar jirgi ba ta gardama."

Baba ya fara warware guntun ƙarfensa ya auna, ya nuna wa Metiron lambar da ke jikin ƙarfen da wadda geji ya faɗa, iri ɗaya. Sannan ya sunkuya kan robar da idonsa mai kyau, yana murza gejin da yatsa biyu kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Metiron da kanta ta ɗaga kwalbar zuwa ƙarshen sandar ƙarin ruwa. Ya sake aunawa, ya maimaita, ya rubuta, ya ninke. Metiron ta sa a aljihu.

Emilia ta fara. Ta shafa man gyaɗa, ta ɗora kan injin a saman agidin kamar ba ta so ya taɓa. Hoton ya ƙi fitowa. Ta juya, ta jira, ta sake juyawa. Dokta yana duba agogo. Ta san in lambarta ta kauce ko kaɗan, a gaban mahaifinta za ta koma duhu. Can robar ta fito. Ta auna ƙasa, ta auna sama. Ɗigo huɗu, wato kashi huɗu cikin goma na milimita. Na biyu, ɗigo biyar. Na uku, ɗigo huɗu.

Dokta ya naɗe hannun riga ya karɓa. Gaskiya yana da sauri, kafin ka ƙifta ido hoto ya fito tas, ya fi nata haske. Ya ce, "Kin ga yadda ake yi?" Ya auna, ɗigo tara. Na biyu, milimita ɗaya cif. Yana cikin na uku sai Mama Agatha ta yi ihu daga bakin ƙofa.

"Yesu! Ka kashe agidi na!"

Kowa ya duba. Kan injin ya nutse cikin agidin, ya tsage biyu, robar ta leƙo waje a baje kamar an taka ta. A fuskar injin ma, robar da take zagaye a hannun Emilia, yanzu ta koma kamar ƙwai a kwance.

Dokta ya ce agidin ne ba ya da ƙarfi. Mama Agatha ta ce, "Na yarinya bai fashe ba, ko ba agidi ɗaya ba ne? Ga wani, ka sake." Ta tura masa kwano na biyu, mai roba iri ɗaya a ciki, aka haɗa ta da kwalbar. Ya sake, wannan karon yana riƙe hannunsa da gangan, hoton ya yi dishi-dishi irin wanda yake zagin Emilia a kai. Ya daɗe yana nema. Da ya auna, bai faɗi lambar da ƙarfi ba, sai da Metiron ta leƙa ta karanta. Ɗigo biyar.

Metiron ta ciro takardar Baba ta buɗe, ta ajiye a kan gado inda kowa zai gani. Da rubutunsa mai karkata ya sa ɗigo huɗu, ya ja layi biyu a ƙasa.

Dokta ya zauna a kujera yana kallon hannunsa. Ba mugu ba ne, ya gane nan take abin da ya faru: in ka danne jijiya ta baje, to da jini ya bugo sai ta miƙe da yawa, ka ɗauka taushi ne da ita. Mutum saba'in ya auna haka, wasu ma ya ce musu jijiyarsu lafiya lau. Ya ce a hankali, "Duk sai an sake kiransu."

Baba ya ce, "A kira su mana. Mu ma mun sha kwance aikin sati guda." Ya naɗe ƙarfensa ya rufe akwati.

Metiron ta ce magana ta ƙare, Emilia ta ci gaba da aikinta, kowa ya koma bakin nasa. Da wata ce, da ta ce na gode ta fita da gudu. Emilia ta tsaya.

"Ma, takardar Dokta fa?"

"Na ce ki ci gaba da aiki. Ba wanda zai duba ta."

"Tana cikin fayil ɗina, Ma. An rubuta ban iya aiki ba. Gobe ke ba kya nan, wani zai buɗe ya karanta."

"Emilia, kin ci nasara, kada ki zaƙe."

"Ba zaƙewa ba ne, Ma. Abin da ke ciki ba gaskiya ba ne, kuma da sunana."

Baba ya taɓa mata hannu, ta ƙi motsi. Metiron ta ce ita ba ta da ikon cire takardar da likita ya sa wa hannu, sai shi. Duk ido ya koma kan Dokta Wilfred. Ya tashi ya fita. Mama Agatha ta fara tattara fasasshen agidinta tana gunaguni. Minti biyar, minti goma, Emilia tana tsaye wuri ɗaya, hannunta duk man gyaɗa. A waje mata masu ciki sun cika benci suna jira.

Sai ga shi ya dawo da takardar. Bai yaga ba. Ya ɗora ta a kan injin, ya ciro biro, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rubuta a ƙasa cewa ya janye, kuskuren nasa ne, ya sa hannu da kwanan wata. Ya miƙa wa Metiron, ya ce a mayar da ita fayil ɗin a haka. Sannan ya juyo.

"Mutum saba'in ɗin nan, ke za ki auna su. Ni zan zauna in rubuta."

"To, Saa. Amma duk Litinin sai mun fara da roba, ni da kai, kafin mu taɓa wuyan kowa."

"Ni ma?"

"Kai ma, Saa."

Ya dube ta, ya dubi Metiron, Metiron ta ɗauke kai tana gyara tabarau. Ya sassauta tayensa ya ce Litinin ƙarfe nawa.

"Takwas," in ji Emilia. Ta goge hannunta, ta leƙa ƙofa ta kira mace ta farko a benci.